Yadda Ake Yi wa Samfurin Jirgin Sama Riga da Yadi

Jiragen sama na farko ba da ƙarfe aka lulluɓe su ba. Jirgin da Wilbur da Orville Wright suka tayar a Amurka ran 17 ga Disamba, 1903, ƙwarangwal ne na katako da aka yi wa riga da yadin auduga. Haka kuma jiragen nan uku ƙirar DH.9A na sojan saman Ingila, waɗanda suka taso daga Masar suka sauka Kano a 1925, da yadi aka rufe fukafukansu. Saboda haka duk mai ƙera ƙaramin samfurin irin waɗannan jirage, in yana son ya yi kama da na ainihi, sai ya bi hanyar da magina na farko suka bi.

Akan gina ƙwarangwal ɗin samfurin da itacen balsa, wanda ba shi da nauyi, kuma yawancinsa daga ƙasar Ikwado yake fitowa. Mafi sauƙi shi ne a rufe shi da wata leda mai ƙyalli, amma ledar ba ta nuna saƙa, kuma da gani an san abin wasa ne. Yadi kuwa yakan ɗan lotsa tsakanin haƙarƙarin fiffike, kamar dai na babban jirgi.

Babban aikin shi ne sa yadin ya ɗame kamar fatar ganga, don fiffike mai tamoji ba ya ratsa iska yadda ya kamata. Hanyoyi biyu ake bi. A ta farko, akan jiƙa siliki, a shimfiɗa shi bisa ƙwarangwal, a liƙe bakinsa. In ya bushe sai a shafa masa wani ruwan sinadari mai suna dop. Yayin da ruwan yake bin iska, abin da ya rage yakan takure, ya ja yadin, ya kuma toshe ƙofofin saƙar. A ta biyu, akan yi amfani da yadin foliyesta. Tun a masana'anta an miƙar da zarensa, don haka in aka goga masa dutsen guga mai zafin digiri 120 zuwa 175 na ma'aunin Salshiyas, sai zaren ya nemi komawa yadda yake, yadin ya tsuke da kimanin kashi 10 cikin 100.

A nan ne ake gane gwani. Jan da yadin yake yi yana iya murɗe fiffike, kuma samfuri mai murɗaɗɗen fiffike yakan karkata ya faɗo, aikin watanni ya tafi a banza. Shi ya sa ake ɗame sama da ƙasa bi da bi, a hankali. Fenti ma in ya yi yawa, musamman a wutsiya, nauyi yakan rinjaya baya, jirgin ya ƙi biyayya.

Sai kuma lissafin sikeli. A babban jirgi akan ɗinke yadi a jikin kowane haƙarƙari, a rufe ɗinkin da ƙyalle mai baki kamar haƙoran zarto. Alal misali, in tazarar ɗinkin santimita 6 ce, a samfurin da yake kashi ɗaya cikin shida na jirgin sai ta koma santimita 1. Maƙera kan kwaikwayi ɗinkin da ɗigon gam, sannan su ɗora siririn ƙyalle a kai.

Malamin da zai gwada wannan da ɗalibansa ya lura cewa dop yana kama wuta da sauri, kuma shaƙarsa tana cutarwa. A yi aikin inda iska take kaɗawa, nesa da wuta. Ya fi kyau a fara da ƙaramin firam mai kusurwa huɗu, a auna nauyinsa kafin shafi da bayansa.