Yaro a Cikin Mota: Wace Kujera Ce Ta Dace da Shi?

Iyaye, kuna kawo yaranku awo, kuna yi musu allurar rigakafi, kuna kwantar da su cikin gidan sauro. Madalla. Amma akwai wani abin da allura ba ta tsarewa, shi ne hatsarin hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara. A cikin yara da samari masu shekara 5 zuwa 29, babu abin da ya kai hatsarin hanya kisa.

Duk mai bin hanyar Bibemi zuwa Pitowa da Garwa ya san ramukanta. Ya san yadda garken shanu ke faɗo wa hanya ranar kasuwar Adumri, direba ya taka birki ba shiri. A wannan lokacin, me ke riƙe da yaronku?

Cinya ba kujera ba ce

Idan mota tana gudun kilomita 50 a awa ta yi karo, daidai yake da mutum ya faɗo daga tsayin mita 10. Yaro mai kilo 10 sai ya fizge da nauyin buhun masara biyu ko fiye. Babu hannun da zai iya riƙe shi, komai ƙaunar uwa. Zai bugi gilashi, ko ya fita ta taga.

Kada kuma uwa ta ɗaura bel ɗaya ita da yaron da ke cinyarta. Nauyinta zai matse shi a jikin bel ɗin.

Shi ya sa aka ƙera kujerar mota ta yara. Ana ɗaure ta a kujerar baya, a ɗaure yaro a cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana iya rage mutuwar jarirai a hatsari da kashi 71 cikin 100. Amma sai in ta yi daidai da jikin yaro, kamar takalmi. Ku duba katin awo, nauyinsa da tsayinsa su za su gaya muku wadda ta dace.

Hawa huɗu na girman yaro

Na 1. Daga haihuwa zuwa kilo 13. Jariri yana kwanciya cikin kujera mai kama da kwando, fuskarsa na kallon bayan mota. Kan jariri babba ne, wuyansa kuwa bai yi ƙwari ba. In yana kallon baya, kujerar ce za ta tallafi kansa da wuyansa da gadon bayansa gaba ɗaya. Ya zauna haka har wata 15 aƙalla. In ya fi haka, ya fi kyau. Ƙafarsa ta taɓa kujerar mota ba laifi ba ne. Amma in tsakiyar kansa ta kai bakin kujerar na sama, ta yi masa kaɗan.

Na 2. Har zuwa kilo 18, wato wajen shekara 4. Kujera ce mai maɗauri nata na kanta, wanda ke bi ta kafaɗu biyu, da ƙugu, da tsakanin ƙafafu. Kada ku yi gaggawar juya yaro ya kalli gaba don kawai ya fara tafiya.

Na 3. Daga kilo 15 zuwa 36. Kujera ce mai ɗaga yaro sama don bel ɗin mota ya hau inda ya kamata: bisa kafaɗa da bisa ƙashin ƙugu. In bel ya bi ta wuya ko ta kan ciki, zai iya ji wa hanji da hanta ciwo. Mai majingina a baya ta fi, don tana tsare kai in yaro ya yi barci.

Na 4. Bel shi kaɗai. Sai tsayin yaro ya kai santimita 135 ko fiye. Ku gwada: ya jingina sosai, gwiwarsa ta lanƙwashe a bakin kujera, bel ya sauka a kafaɗa. In ba haka ba, da saura.

In za ku saya

Sabuwa tana da tsada, yawanci ta gwanjo ake samu. Ku duba waɗannan kafin ku biya:

A jikinta akwai 'yar takarda mai ruwan goro, da harafin E cikin da'ira, da R44 ko R129. Mai R44 tana nuna nauyin yaro, mai R129 tana nuna tsayinsa.

Robar ba ta tsage ba, rana kuma ba ta cinye ta ba. Ku ɗaga yadin ku duba ƙarƙashi.

Maɗauri bai zare ba, ba a yi masa ɗinki ba. Ƙarfen yana kullewa har ku ji ƙararsa.

Wadda ta taɓa yin hatsari, ku bar ta ko kyauta ce.

Ku gwada ta a motarku tukuna. Wasu kujerun sai da ƙarfen maƙalawa da ake kira ISOFIX, tsofaffin motoci kuwa ba su da shi.

Ɗaurewa

Wurin yaro kujerar baya ne. Kada a sa kujera mai kallon baya a gaba inda akwai jakar iska, don in ta fashe za ta iya kashe jariri. Bayan kun ɗaure kujerar ku girgiza ta, kada ta motsa fiye da faɗin yatsa biyu. Maɗaurin yaro ya kama jiki, yadda ba za ku iya tsunkule shi da yatsa ba. Da bazara ƙarfen yana ƙuna, ku rufa masa zane in mota na tsaye a rana. Kada a bar yaro cikin mota a rufe, ko na minti kaɗan.

To, wanda ba shi da mota fa?

Yawancinmu motar haya da babur muke hawa. Ko a nan akwai abin yi. Ku nemi wurin zama a baya, yaro ya zauna nesa da ƙofa. In akwai bel, babban yaro ya ɗaura nasa. Kada a ɗora yara a bayan a-kori-kura ko bisa kaya. A kan babur kada a zaunar da yaro bisa tanki, kada a jera yara uku ko huɗu. Jaririn da ke goye ba shi da abin da zai tsare kansa, don haka in akwai mota, ku jira ta. Yaron da zai hau babur ya sa hular kwano daidai kansa, a ɗaure a haɓa. In direba yana gudu, ku yi magana. Kuɗinku kuka biya, yaron kuma naku ne.

In hatsari ya faru

Ku kai yaro asibiti mafi kusa ko ba ku ga rauni ba. Ku hanzarta in yana amai, ko barci mai nauyi, ko jijjiga, ko ciwon ciki, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci. In kuna zaton wuya ko baya ya taɓu, kada ku lanƙwasa shi, ku ɗauke shi a miƙe bisa katako.

Ranar awo mai zuwa, ku tambayi ma'aikacin asibiti nauyin yaronku da tsayinsa, ku gane hawan da yake. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya.