Sayen Babbar Mota Ta Hannu: A Fara Da Lamuni, Sannan A Duba Haƙora

Da yawa daga cikinmu idan ciniki ya yi albarka, an kai shanu Gallabat an dawo lafiya, ko tumaki sun hau jirgi a Sawakin zuwa Jidda, sai zuciya ta fara raya wa mutum babbar mota. Ba laifi ba ne. Sai dai kuɗin Land Cruiser ko Lexus ta hannu kuɗin garke guda ne, kuma jari ne aka cire daga kasuwa. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayanin abin da ake bincikawa kafin a ƙirga kuɗi.

A kasuwar dabbobi ta Gadarif ba mu sayen sa sai da mai lamuni, wanda Larabawa ke kira damin, wato wanda zai tsaya ya ce dabbar nan ba ta sata ba ce. To mota ma sai da nata, kuma nata shi ne takardu. Tun da yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 aka kwashe motocin mutane ba adadi a Khartum, haka kuma a Wad Madani bayan da ta faɗi a Disamban 2023, kuma manyan motoci masu jan ƙafa huɗu su aka fi farauta. Ga kuma waɗanda aka daɗe ana shigowa da su ta Libiya da Chadi ba kwastan, waɗanda mutanen nan suka laƙaba wa suna Boko. Saboda haka a karanta lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, a jikin ƙarfen kansa, a gwada da ta takarda da ta ƙaramin farantin da kamfani ya manna, haka ma lambar inji. In an ga alamar goge ko walda ko sabon fenti a daidai wurin, a yi sallama da ciniki. In sun dace, a tafi da mai motar ofishin 'yan sandan hanya, wato murur, a tabbatar ba a kai rahotonta ba. Wanda ya ce yana sauri, ba shi da lokacin zuwa, to ya ba ka amsa.

Sai sanin iri. Land Cruiser suna ɗaya ne amma zuriya ce. Akwai samfurin 80 na 1990 zuwa 1997, wanda ake wa kirari da Laila Alawi, sai samfurin 100 na 1998 zuwa 2007, sai 200 na 2007 zuwa 2021 wanda ake ce wa Obama, sannan 300 da ya biyo baya. A kowane samfuri kuma akwai daraja-daraja: GX, GX.R, VX, VX.R. Na sama su ke da kujerun fata da tagar rufi da allon kallo da sauran ƙawa. Amma fa a lura, rubutun da ke bayan mota ana sayar da shi a shagon kayan gyara, har fitilu da gaban mota ana sauyawa a mai da tsohuwa yarinya, kamar yadda ake cika wa sa ciki da ruwa ranar kasuwa. Farantin kamfani shi ke faɗin gaskiya. In ya fara da HZJ, dizal ne mai silinda 6, injin 1HZ mai lita 4.2. UZJ fetur ne mai silinda 8, lita 4.7. GRJ fetur mai silinda 6, lita 4.0. VDJ kuwa dizal mai silinda 8, lita 4.5.

A nan ne muke so a daɗe, domin nan ake yin asara. Mota mafi tsada ba ita ce ta fi dacewa da ƙasarmu ba. Ƙasar Gadarif baƙar laka ce. Daga Yuni zuwa Oktoba, da zarar ka sauka daga kwalta wajen Doka ko Hawata ko ka nufi Butana wajen makiyaya, laka za ta riƙe ka kamar danƙo, da rani kuma ta tsattsage ta zama gargada. Lexus LX470 da LX570, da wasu Land Cruiser masu babbar daraja, suna da ƙafafu masu aiki da mai da famfo da na'urori, suna ɗaga mota su sauke ta. A kan titin Jidda daɗi ne, ba a magana. Amma in suka tsufa suka fara yoyo, motar sai ta durƙusa kamar raƙumi, gyaran kuma ba na makanikin bakin tasha ba ne, kayan ma sai an aika Dubai. Haka injin VDJ: ƙarfi kam akwai, amma nozul ɗinsa ba ya haƙuri da gurɓataccen mai, mu kuwa mun san irin man da ake zuba mana daga durom da jarka a hanya. Shi 1HZ ba shi da gudu, a hawa sai ya yi ta nishi, amma ba shi da kwamfuta mai sarrafa shi, kuma ana samunsa a cikin Tacar ɗin da suka cika ƙasar nan, don haka makaniki ya san shi, kayansa kuma ba sa wuya. Samfurin 105, ɗan'uwan 100 ne mai gatari ɗaya miƙaƙƙe a gaba, a ganinmu ya fi wa ɗan fatauci amfani a kan VX.R mai ƙyalli. In kuwa don ɗaurin aure da zuwa masallacin Juma'a ake so, wannan wata magana ce.

To sai duba haƙora. Kada a yarda da lambar tafiya da ke agogo, ana mayar da ita baya. Robar birki da sitiyari da kujerar direba su ne haƙoran mota, ba sa ɓoye shekaru. A je da sassafe a tayar da ita tana sanyi, don mai wayo yakan ɗumama inji kafin ka iso. Shuɗin hayaƙi cin baƙin mai ne, farin da ba ya yankewa ruwa ne ke shiga inji. A buɗe murfin baƙin mai, in an ga fari-fari kamar kindirmo, a bar ta. Injin 1HZ da na UZJ suna da bel na taimin, a tambayi yaushe aka sauya shi. A sa ta a ƙaramar giya ta jan ƙafa huɗu a kan ƙasa, a ji ko tana shiga tana fita ba gardama.

Yawancin waɗannan motoci daga ƙasashen Larabawa suke zuwa ta Port Sudan. A watan Afrilun 2024 an yi ambaliya a Dubai da Sharja wadda ta nutsar da motoci masu ɗimbin yawa, irinsu kuma akan wanke a tura kasuwannin Afirka. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a shinshina, a ja bel ɗin kujera har ƙarshe a ga ko da tabon ruwa, a leƙa ƙarƙashin kujeru don tsatsa. Wayoyin motar da ta sha ruwa ba ranar ciniki suke nuna ciwonsu ba, sai bayan wata biyu ko uku. Akwai kuma waɗanda aka ƙera da sitiyari a dama don kasuwar Japan, aka yanka aka mayar hagu. Makaniki zai gane da ya leƙa ƙarƙashin dashbod.

Makanikin kuwa ya zama naka, kai ka biya shi, ba wanda dillalin motar ya kawo ba. Mu dillalai ne, mun san inda la'ada take karkata harshe.

In an shirya, a rubuta yarjejeniya gaban lauya da shaidu biyu, a sa lambar shasi da ta inji, a kuma rubuta sharaɗin mayarwa in wani aibi da aka ɓoye ya bayyana. Kada a tsaya a kan takardar wakilci, wato taukil, wadda ta bi hannu uku ko huɗu. A je murur a mayar da mallaka da sunanka, musamman ga mai niyyar tsallakawa da ita Matamma, inda za a nemi sunan da ke takarda ya dace da na fasfo. A kuma ware kuɗin tayoyi, batir, tace-mai da sauya bel tun kafin a biya, kada a taɓa kuɗin sayen dabbobin kaka.