Daga Aujara zuwa Babbar Makaranta: Yadda Ake Zaɓen Kwas

Yaron da ya gama sakandare a Aujara, cikin ƙaramar hukumar Jahun, ba sai ya bar Jigawa ba kafin ya sami babbar makaranta. Akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da ta biyo baya a 2013, ga Kwalejin Ilimi ta Gumel, ga kuma kwalejin kimiyyar lafiya a Jahun. Ƙofofi dai a buɗe suke, sai dai kowace da irin mabuɗinta. Abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba shi ne, tun ranar da aka raba ɗalibai zuwa ajin kimiyya da na sauran fannoni a babbar sakandare aka fara zaɓen kwas.

Ga yadda abin yake. Jami'a na neman kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, da kuma lissafi ga mai neman kimiyya ko tattalin arziki. Sannan ga jarrabawar JAMB mai darussa huɗu da maki 400, Turanci dole, sauran ukun kuma kwas ɗin da ake nema ne ke tsaida su.

Mai son kimiyya zai zaɓi ukunsa daga Fiziks da Kemistiri da Bayoloji da lissafi. Wanda bai zauna ajin waɗannan darussa ba, komai yawan makinsa, ba zai shiga tsangayar kimiyya ba, domin karatun shekarar farko a kan na sakandare ake ɗora shi.

Fannin tattalin arziki, wanda wasu ke kira tsimi da tanadi, shi ne ya fi yaudarar yara. Suna ɗauka labarin kasuwa ne kawai, sai su gudu daga kimiyya don tsoron lissafi, su tarar da shi yana jiransu a can. Ɗalibin zai koyi dalilin da ke sa gero ya faɗi a kaka ya tashi da bazara, amma da alƙaluma da ƙididdiga zai bayyana shi. Shi ya sa ake haɗa lissafi cikin darussansa na JAMB. Karatun digirin shekara huɗu ne.

Koyon aikin malanta kuwa hanya biyu gare shi. Ta farko NCE, shekara uku a kwaleji irin ta Gumel, ita ce mafi ƙarancin takardar da aka yarda malami ya riƙe a Najeriya. Galibi ɗalibi na haɗa darussa biyu, kamar Bayoloji da Kemistiri, a ƙara masa dabarun koyarwa da sanin halayyar yara. Kafin ya gama, sai an tura shi wata makaranta ya riƙe alli gaban aji, malamansa na zuwa duba shi. Ta biyu ita ce digirin ilimi a jami'a kai tsaye.

A nan ne hanyoyin ke haɗewa. Mai NCE da kyakkyawan sakamako yana iya shiga jami'a a aji biyu, ba tare da ya sake zaman jarrabawar JAMB ba, ko da yake ta hannun hukumar zai nemi gurbin. Don haka wanda bai sami Dutse ba bana, Gumel ba koma-baya ba ce gare shi.

Kafin a biya kuɗin fom, a tambaya ko hukumar da ke sa ido ta amince da kwas ɗin: NUC ga jami'o'i, NCCE ga kwalejojin ilimi. Sai dai da sanyin safiya ake kama fara. Uban da ke son ɗansa ya zama malamin Fiziks, ya je makaranta ya ga takardar lissafin yaron tun yana aji uku na ƙaramar sakandare.