Daga Arlit zuwa Dallol Boso: wa ke biyan kuɗin wanke ƙasa?

Arzikin Kurfey a ƙarƙashin rairayi yake. Filinge, mai nisan kilomita kusan 180 arewa maso gabas da Yamai, tana zaune ne a Dallol Boso, tsohon kwarin da ruwa ya taɓa bi daga Azawak ya gangara har kogin Kwara. Kogin ya ƙafe tun dubban shekaru, amma ruwan bai tafi duka ba, nutsewa ya yi cikin yashi. Shi ya sa a wasu fadamun Bonkuku, ƙasar Imanan, gaba biyu ko uku mai lambu zai haƙa ya tarar da ruwa, dankalin turawansu kuma ya cika kasuwannin Yamai. In aka yi arewa wajen Filinge da Tukunus rijiya takan ƙara zurfi, amma duk daga wannan ajiya mutane da shanun Azawak suke sha.

Sai dai yashin da ke saurin shanye ruwan sama, haka yake saurin shanye duk abin da aka zuba masa. Yumɓu kan tare ƙazanta ya riƙe ta a sama, rairayi kuwa hanya yake ba ta har ta kai ga ruwan rijiya.

Wani zai ce ina masana'anta a Filinge da za a tayar mana da hankali? Babu, kuma wannan ne dalilin yin maganar yanzu. Wuraren da aka jira sai da masana'anta ta gama aikinta kafin a tambayi wa zai share bayanta suna nan cikin ƙasar nan, kowa na iya ganin yadda ta kaya.

A Akokan, kusa da Arlit, kamfanin COMINAK ya fara fitar da yuraniyom a 1978, ya rufe ranar 31 ga Maris 2021, bayan ya haƙo tan kusan 75,000. Abin da ya bari a baya ya ninka haka sau ɗaruruwa: tulin dusar dutse tan kusan miliyan 20, a fili mai faɗin hekta 120, tsayinsa a wasu wurare ya kai mita 35. Dusar nan ba turɓaya ce kawai ba. In an niƙa dutse an tsame yuraniyom da ruwan asid, sauran sinadarai masu fitar da tururin nukiliya suna nan cikin ragowar, kuma su ne suka fi yawa. Akwai radiyom, wanda sai ya shekara 1,600 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi, akwai toriyom mai buƙatar shekara kusan 75,000. Daga radiyom ake samun iskar radon, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kuma cikin manyan abubuwan da ke haddasa sankarar huhu. Kamfani ya yi aikin shekara 43, ya bar abin da zai daɗe fiye da duk wata gwamnati da aka taɓa yi a duniya.

Ba hukuma ce ta fara ɗaga murya ba. Wani ma'aikacin mahaƙa ne, Almustafa Alhasan, da ƙungiyarsa Aghir In'man, suka gayyato masu binciken CRIIRAD daga Faransa a ƙarshen 2003. Sun tarar da tsofaffin ƙarafan mahaƙa masu ɗauke da guba ana sayarwa a kasuwa, irin waɗanda mutane ke saye su yi rufin ɗaki da kayan amfanin gida. Daga baya aka gano duwatsun mahaƙa da aka yi cikon titi da su a Akokan. A rahoton da Greenpeace ta fitar a 2010, huɗu daga cikin samfuran ruwa biyar da ta ɗiba a yankin sun haura iyakar yuraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya. Kamfanin Areva mai gudanar da mahaƙar, wanda yanzu ake kira Orano, ya sha cewa abin da ke isa jikin mazauna gari bai wuce iyakar doka ba. Gardamar kanta abin lura ce: shekaru da dama, mai haƙar shi ne kusan kaɗai mai na'urar awo.

To mene ne "wankewa" a irin wannan wuri? Kada mai karatu ya ɗauka kwashewa za a yi. Ba inda za a kai tan miliyan 20. Shirin shi ne a gyara siffar tulin, a lulluɓe shi da yumɓu da duwatsu kaurin mita biyu, don iska ta daina kwasar ƙura, radon ya rage fita, ruwan sama kuma ya daina ratsawa zuwa ruwan ƙasa. An ƙiyasta aikin rufe mahaƙar a kan sefa kusan miliyar 95, na tsawon shekara goma, sannan a ci gaba da sa ido. Ana cikin haka aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, dangantaka da Faransa ta tsinke, aka karɓe lasin mahaƙar Imuraren daga hannun Orano a Yunin 2024, aka mayar da kamfanin haƙa na SOMAIR mallakar ƙasa a Yunin 2025. Ko wa ya yi nasara a wannan rigima, tulin yana nan inda yake, yaran Akokan kuma suna shaƙar iskar da ta bi ta kansa.

Labarin da ya fi kama da rayuwar ƙauyukanmu shi ne na Zamfara, don can babu wani babban kamfani. Talakawa ne masu neman zinariya suka riƙa kawo dutse cikin gida, ana dakawa a turmi, ana kai wa injin niƙa, ana shanyawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ashe dutsen cike yake da dalma. A Maris 2010 likitocin MSF suka lura yara na mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai suka kamu. A wasu gidajen awo ya nuna dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi goma cikin ɗari, alhali iyakar da Amurka ke amfani da ita a lokacin ga filin wasan yara ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin dubu ba.

Yadda aka yi wankin abin koyo ne, don da fartanya da shebur aka yi shi. Ana bi gida-gida da wata na'urar hannu mai auna dalma nan take, matasan gari su kankare saman ƙasa kamar kaurin yatsu uku, a zuba a buhu, a kai ramin da aka tanada a binne, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa, a share ɗakuna ƙal. Likitoci kuma suka kafe a kan sharaɗi ɗaya: ba za a fara ba yaro maganin da ke fitar da dalma daga jini ba sai an wanke gidansu, in ba haka ba zai koma ya sake kwasa. Wannan sharaɗi ne ya sa jinkirin Bagega ya yi muni. An gama da ƙauyuka bakwai tun farkon 2011, amma Bagega, wadda ta fi su girma, ta zauna jiran kuɗin gwamnatin tarayya har farkon 2013. Dalma ba ta ruɓewa, ƙwaƙwalwar yaron da ta taɓa kuma ba ta komawa yadda take.

Kurfey ba ta da irin dutsen Bagega a bakin ƙofa, amma tana da batir. Fitilun sola da cajin waya sun shiga kowane ƙauye, kowane batirin mota ko na sola kuma kilo da yawa na dalma ne a cikinsa. In ya mutu, 'yan gwangwan ke saye, wani lokaci a fasa shi a zubar da ruwansa a ƙasa, a narka dalmar a fili. A unguwar Ngagne Diaw da ke Caroy, bayan garin Dakar, wannan sana'a ce ta kashe yara 18 tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008. Ga baƙin mai da makanikai ke tuttulewa a bayan gareji. Ga tankin gidan mai da ke binne, wanda in ya yi tsatsa zai yi ta ɗiga shekara da shekaru ba wanda ya sani, man ya sauka ya kwanta a saman ruwan ƙasa, sinadarin benzin mai jawo sankarar jini ya narke a ciki. Ga 'yan ruwa-ruwa da jarkokinsu. Ga tsofaffin rumbunan maganin fara da na ƙwari: dildirin, wanda aka yi ta fesa wa fara a Sahel har shekarun 1980, yakan yi shekaru masu yawa a cikin ƙasa, gangar da aka zuba shi kuma ba ta wankuwa ta zama ta ruwan sha. Samarin da ke zuwa neman zinariya a Komabangu ko Jado suna dawowa da sanin aikin zaiba, wani lokaci da ita kanta zaibar a kwalba.

Doka ba ita muka rasa ba. Tun 1966 Nijar ke da dokar wuraren sana'a masu haɗari. Babbar dokar muhalli ta 29 ga Disamba 1998 ta ɗora biyan ɓarna a kan wanda ya yi ta. Dokar 14 ga Mayu 2018 ta wajabta binciken illa kafin a fara manyan ayyuka, ƙarƙashin kulawar ofishin BNEE, tare da jin ra'ayin mutanen wurin. Dokar ma'adinai ta 2022 ta ce mai haƙa ya gyara wuri in ya gama. A ganina raunin yana wuri biyu. "Mai ɓarna ya biya" magana ce mai daɗi muddin mai ɓarnar yana nan kuma yana da abin biya. In ya karye, ko ya mutu, ko ya bar ƙasar, talakan da ya gaji filin ne ke biya da lafiyarsa. Saboda haka kuɗin gyara ya kamata a ajiye su tun ana cin riba, a asusun da kamfani ba zai iya taɓawa shi kaɗai ba, tun ran gini tun ran zane. Amurkawa da tsada suka koyi wannan. A Love Canal wani kamfani ya binne tan fiye da 20,000 na dattin sinadarai, ya sayar da filin dala ɗaya a 1953, aka gina makaranta da gidaje. Sai a 1978 aka fara kwashe mutane, a 1980 kuma aka yi dokar da ta kafa asusun wanke wuraren da masu su suka gudu, ta ba hukuma ikon bin tsohon mai laifi ko bayan shekaru nawa ne.

Rauni na biyu ya fi sauƙin gyara, kuma a hannunmu yake. Tun 1993 dokar karkara ta kafa kwamitocin filaye, waɗanda ake kira Kofo, yanzu kuma suna nan daga gunduma har ƙauye. Takardar cinikin fili tana faɗin iyaka, da mai sayarwa, da mai saye, da shaidu, amma ba ta faɗin abin da aka taɓa yi a filin. Gari yana faɗaɗa, jujin jiya shi ne fulotin gobe, tsohon gareji ya zama makarantar allo, tsofaffin da suka san tarihin wurin kuma suna ƙarewa. Littafi ɗaya a ma'aikatar magajin gari, mai ɗauke da sunan duk inda aka taɓa ajiye mai, ko maganin fara, ko fasa batir, bai kai kuɗin gina rijiya guda ba.

Kirana ga sarakunan Kurfey, da masu gari, da 'yan Kofo, da jami'an muhalli na Filinge ne. Duk wanda ya zo neman fili a cikin Dallol don gidan mai ko wata sana'a mai zubar da sinadari, a nemi takardar binciken muhallinsa, a auna ruwan rijiyoyin da ke kusa kafin ya aza tubali, a ajiye sakamakon inda jama'a za su iya gani. Kai kuma mai karatu, in aka kira ka shaidar cinikin irin wannan fili, tambayi wa zai tono tankin ranar da aka rufe wurin, kuma kada ka sa hannu sai an rubuta amsar a takarda.