Me ya sa ake ƙara wa giyar atomatik ƙaramin lagireto?

Wani direban Sienna da ke zaune a Badariya, mai jigilar fasinja da buhunan shinkafa tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, ya tambaye ni dalilin da giyarsa ke fizga da rana amma da safe lafiya lau. Da muka zaro sandar awon man giyar, man da ya kamata ya zama ja ya koma ruwan ƙasa, yana warin ƙuna. Zafi ne ya dafa shi.

A giyar atomatik, mai ba santsi kaɗai yake bayarwa ba. Shi ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya. A cikin wani tulun ƙarfe da ke tsakaninsu akwai fanka biyu suna fuskantar juna: ta ɓangaren inji tana watsa mai, man kuma yana juya ɗayar. Duk lokacin da gudunsu ya bambanta, ƙarfin da ya salwanta zafi yake komawa. Idan mota ta miƙe a kwalta, yawancin giyoyin zamani suna kulle fankokin biyu su juya tare, zafin ya ragu. To, ka ga doguwar tafiya zuwa Sakkwato ba ita ce abin tsoro ba. Abin tsoron shi ne yashin hanyar fadama da kaya niƙi-niƙi, da cunkoson gari, tashi-tsaya, tashi-tsaya.

Man giya ya fi jin daɗin aiki wajen digiri 80 zuwa 90 a ma'aunin Salshiyos. Akwai ƙa'idar da masana sinadarai ke kintace da ita: ƙarin digiri 10 kan ninka saurin lalacewar mai kusan sau biyu. Robobin da ke riƙe matsin mai su taurare, fayafayan kuloci su fara zamewa, zamewar kuma ta ƙara zafi.

Masu ƙera mota ba su manta da wannan ba. A yawancin motoci man giya yana bi ta wani bututu a cikin lagireto, ruwan inji ya kwashe masa zafi. Sai dai a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40, ga esi a kunne, lagireton kansa da ƙyar yake sha. Nan ne ƙaramin lagireto na biyu, wanda kanikawa ke kira kula, yake da amfani. Ana ɗaure shi a gaban mota inda iska ke bugawa. Ko iskar mai digiri 42 ce, ai ta fi mai mai digiri 110 sanyi nesa ba kusa ba.

Inda na fi saɓa wa wasu kanikawa shi ne wajen haɗawa. Wasu kan cire lagireton asali daga layin gaba ɗaya, su bar sabon shi kaɗai. Uzurinsu ba na banza ba ne: idan bututun cikin tsohon lagireto ya fashe, ruwa yana shiga giya, man ya koma kamar madarar da aka zuba wa zoɓo, giya ta tafi kenan. Amma in lagireton lafiyayye ne, gara man ya fara bi ta cikinsa, sannan ya shiga sabon, ya koma giya. Kula shi kaɗai yana bukatar iska, a cunkoso kuwa sai abin da fanka ta jawo. Da sanyin safiyar hunturu ma, ruwan inji ne ke taimaka wa man ya yi ɗumi da wuri.

Don haka a tabbatar an gano bututun da ke mayar da mai cikin giya, yawanci shi ne ya fi sanyi idan inji ya ɗauki zafi. A yi amfani da tiyon da aka yi don man giya, ba na fetur ko na ruwa ba, a matse kilif sosai, a nesanta tiyon daga salansa. Tiyo ɗaya ya suɓuce, cikin 'yan mintuna man ya tsiyaye a titi. Bayan haɗawa a ƙara mai, domin sabon kula da tiyonsa sun sha wani abu, kuma irin man da littafin motar ya ambata.

Direban namu sai da ya sauya man da ya ƙone tukuna, don kula ba ya gyara abin da ya riga ya lalace. Yanzu aikinsa shi ne wanke ƙurar da ke toshe haƙarƙarin kulan, musamman bayan hazo.