Hukuncin Shan Taba a Jirgin Ruwa, da Darasinsa ga Matafiyan Kuru

Duk wanda ya san Kuru ya san cewa tsakaninta da teku tafiya ce mai nisa, gama gari ne da ke bisa tudun Filato, kudu da Bukuru, inda sanyin hunturu kan sa mutum ya nemi wuta tun kafin ya nemi karin kumallo. Amma kuma gari ne na matafiya, domin a nan ne hanyar dogo da ta taso daga Kafanchan ta rabu biyu, reshe guda, wanda aka buɗe a 1927, ya shiga Jos, ɗayan kuwa, wanda aka fara shimfiɗawa a 1958, ya miƙe ta Bauchi da Gombe har ya tuƙe a Maiduguri a 1964. Ga kuma Mararabar Jama'a a gefe, inda motoci ba su yankewa dare da rana. Saboda haka mas'alar da za mu duba, watau yadda masu manyan jiragen ruwa na shaƙatawa suka tsara hukuncin shan taba, ko da yake ta faro ne daga wurin da galibinmu ba za mu taɓa takawa ba, asalinta abu ne da kowane fasinja ya sani: mutane da yawa a wuri guda, ba mai ikon fita sai an isa, ga kuma ɗaya daga cikinsu yana son ya kunna ashana.

Waɗannan jirage, waɗanda attajirai da masu hutu ke shiga don yawon buɗe ido, sun wuce abin da hankali zai ƙiyasta daga nesa. Akwai wanda ake kira Icon of the Seas, da ya fara aiki a 2024, tsawonsa kamar mita 365, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600 ban da ma'aikata fiye da 2,000, kuma a cikinsa akwai ɗakunan kwana, da wuraren cin abinci, da gidajen wasa, da kantuna. A zamanin da, lokacin da jirgin Aureol na kamfanin Elder Dempster ke kai-komo tsakanin Legas da Ingila daga 1951 zuwa 1974, yana ɗauke da ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa, shan taba a jirgin ruwa alama ce ta wayewa, har manyan jiragen wancan zamani sukan keɓe wani zaure mai ƙawa domin mashaya su zauna su yi hira. Yau al'amarin ya juye sarai. A mafi yawan jiragen an haramta taba a ɗakin kwana, da wurin cin abinci, da gidan wasa, da lungunan da ake bi. An bar wa mashayi wani yanki ƙayyadadde a sarari, galibi a gefe guda na jirgin, an sa masa alama da mazubin toka, wani lokaci kuma da wani ɗaki na masu shan sigar nan mai kauri, ko wani sashe na ɗakin caca. Tabar lantarki, wadda samari ke zaton ba ta shiga lissafi, hukuncinta ɗaya da na sigari a galibin kamfanonin.

Abin da ya fi jawo jayayya shi ne baranda. Mutum ya biya kuɗi masu yawa ya kama ɗaki mai baranda tana fuskantar teku, ba rufi a gabansa sai sararin Allah, sai a ce masa ko a nan ba zai sha ba. Lalle a zahiri yana da hujjar yin ƙorafi. Amma masu jirgi ba da ka suka yanke wannan hukunci ba, musiba ce ta koya musu. A daren 23 ga Maris 2006, wajen ƙarfe uku, jirgin Star Princess yana tafe daga tsibirin Grand Cayman zuwa Jamaika da fasinja 2,690, sai wuta ta tashi a wata baranda, iska ta hura ta, ta bi barandun da ke kusa, waɗanda aka raba su da allunan roba masu saurin kamawa, har ta haye benaye. Mutum guda ya rasu, wasu hayaƙi ya jikkata su, ɗakuna 79 suka lalace ƙurmus, fiye da 200 kuma suka taɓu. Masu bincike na Ingila, bayan sun auna dalilai, suka rinjayar da cewa guntun taba ne da aka yar ya faɗa kan wani abu mai cin wuta, ya yi ta ci a ɓoye wajen minti 20 kafin harshen wuta ya bayyana. Hikimar da ke cikin wannan kuwa ita ce, wanda ya jefa guntun taba daga bene yana zaton ruwa ya nufa, alhali iskar da ke bin jikin jirgi mai tafiya takan komo da shi ta ajiye a barandar wanda ke ƙasa, wanda wataƙila barci yake yi, bai taɓa shan taba ba a rayuwarsa.

Bayan wannan ne aka gyara dokokin tsaron jiragen ruwa na duniya game da kayan da ake gina baranda da su, sa'an nan kamfanoni suka bi juna: Princess ya hana taba a ɗaki da baranda daga farkon 2012, Royal Caribbean da Carnival suka hana ta a baranda a 2014. Wanda ya karya doka, tara ake ɗora masa a kan lissafin ɗakinsa, dala 250 a Royal Caribbean, dala 500 a Carnival, kuma idan ya yi taurin kai kyaftin yana da ikon sauke shi a tasha ta gaba, ya nemi hanyar gida da kuɗin aljihunsa. Wasu kamfanonin Jamus da Italiya har yanzu suna sassautawa a baranda, domin masu hulɗa da su mashaya ne da yawa, abin da ke nuna cewa ciniki ma yana da baki a cikin maganar. Akwai kuma wani gwaji da ya cancanci a tuna: a 1998 Carnival ya fito da jirgi mai suna Paradise wanda aka haramta taba a cikinsa baki ɗaya, har ganinta a hannun fasinja laifi ne, amma a ƙarshen 2003 aka sanar da janye wannan tsari, domin cinikin bai kai yadda ake so ba. Daga nan suka tsaya a kan matsakaicin ra'ayi, watau a bar wa mashayi wurinsa, a hana shi wurin kowa.

To, wannan matsakaicin ra'ayi ba baƙo ba ne ga wanda ya zauna gaban malamai. Tun da taba ta shigo ƙasashen Musulmi a ƙarshen ƙarni na 16 fuƙaha'u suka yi saɓani a kanta, kuma saɓanin ya yi zafi a cikin mazhabarmu ta Malikiyya: Shehu Ahmad Baba na Tambutu, wanda ya rasu a 1627, ya ba da fatawar halacci bisa hujjar cewa ba ta gusar da hankali, a Masar Ibrahim al-Laƙƙani ya tsananta a kanta, Aliyu al-Ajhuri kuwa ya sassauta, sa'an nan Muhammad al-Wali na Bagarmi ya wallafa risala a kan haramcinta a ƙarshen ƙarni na 17. 'Yan ɗariƙar Tijjaniyya sun shahara da ƙyamarta, malaman wannan zamani da yawa sun karkata ga haramci bayan da likitoci suka tabbatar da cutarta, kuma majami'u da dama a Filato ba su yarda mabiyansu su sha ba. Sai dai duk wannan saɓani a kan abin da mutum zai yi wa jikinsa ne. Amma cewa ba ya halatta ya cutar da wanda ke zaune kusa da shi, wannan ƙa'ida ce da ba wanda ya yi jayayya a kanta, ko masu cewa mubahi ce, ko masu cewa makaruhi. Ma'abota hadisi kuwa za su tuna da misalin nan da Bukhari ya ruwaito daga Nu'umanu ɗan Bashiru, na mutanen da suka yi tarayya a jirgin ruwa, na ƙasa suka so su huda rabonsu don su ɗebi ruwa, aka nuna cewa barinsu halaka ce ga kowa, hana su kuma tsira ce ga kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa taba na kashe mutane fiye da miliyan 7 kowace shekara, fiye da miliyan 1 daga cikinsu kuwa hayaƙin wasu suka shaƙa.

Idan muka komo gida, za mu tarar cewa doka ba ta yi mana ƙaranci ba. Ƙasar nan ta daɗe da taba, tun daga lofen tsofaffi da taba gari har zuwa sigarin da masana'antar Zariya ta fara yi a 1959, ta kuma daɗe da yunƙurin taka mata burki. A 1990, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke riƙe da Ma'aikatar Lafiya, gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 20 wadda ta hana shan taba a asibitoci, da makarantu, da ofisoshi, da gidajen silima, da motocin haya. A 2005 Nijeriya ta tabbatar da yarjejeniyar duniya ta taƙaita taba, a watan Mayu na 2015 kuma aka sa hannu a kan dokar da ake aiki da ita yanzu, wadda ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da sigari kara-kara sai dai kwali, ta hana sha a abin hawa na haya da tashar mota da sauran wuraren taruwar jama'a, ta kuma yanka wa mai laifi tarar da ba ta gaza Naira 50,000 ba, ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. Ƙa'idojin aiwatar da ita sai a 2019 suka fito, su ne kuma suka kawo hotunan nan masu tayar da hankali a jikin kwali. A takarda, ashe, hukuncinmu ya fi na jirgin ruwa tsanani, domin kyaftin ba ya kai mutum kurkuku a kan sigari.

Amma mai karatu ya tambayi kansa, yaushe rabon da ya ji an ci wani tarar nan? Mai tebur a bakin tasha yana nan yana sayar da kara ɗaya ga duk wanda ya miƙa kuɗi, yaro ne ko babba, ga ashana a ɗaure a gefe kyauta. A wurin mai shayi da asuba, lokacin da sanyin Filato ya fi cizo, hayaƙin mutum guda yakan zagaya benci duka. Kuma abin da ya fi ban tsoro, ba wuya ka ga ana busa sigari tazarar taku kaɗan daga jarkokin 'yan bumburutu, ko a yar da guntu mai rai a gefen hanya da rani, lokacin da ciyawa ta bushe kamar auduga. A ganina bambancin da ke tsakaninmu da masu jirgin ruwa abu uku ne da suke da su a haɗe: an faɗa wa fasinja doka tun kafin ya biya kuɗi, an nuna masa wurin da aka yarje masa, sa'an nan wanda zai zartar da hukunci yana tare da shi a cikin jirgin. Tamu dokar kuwa an rubuta ta a Abuja da Turanci, wanda zai zartar da ita ba ya tasha, kuma da yawa daga waɗanda ta shafa ba su taɓa jin labarinta ba.

Adalci ne kuma a faɗi cewa akwai wurin da muka yi nasara ba tare da ɗan sanda ba. A cikin motar haya, daga Jos zuwa Abuja ko zuwa Bauchi, da wuya ƙwarai wani ya kunna sigari, domin kunyar dattawa da mata, da tsawar direba, da idon sauran fasinja sun isa. A jirgin sama ma, ko daga filin Heipang da ke maƙwabtaka da Kuru aka tashi, ba wanda ke gardama. Binciken da aka yi a 2012 ya nuna cewa kashi 5.6 cikin ɗari ne kawai na manyan Nijeriya ke amfani da taba, watau marasa sha su ne mafi rinjaye nesa ba kusa ba, kuma al'ada tana bayansu. Abin da ya rage shi ne a fito da wannan ladabi daga cikin mota zuwa harabar tasha, da rumfar jira, da dandalin jirgin ƙasa idan Allah ya sa ya farfaɗo sosai.

A Kuru ne aka kafa Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Ƙasa a 1979, inda manyan ma'aikata da hafsoshi ke taruwa kowace shekara suna nazarin yadda manufa za ta tashi daga takarda ta zama aiki, kuma ga misali ƙarami a ƙofar gidansu. Amma ba sai an jira su ba. Shugabannin ƙungiyar direbobi, waɗanda ke iya hana mota lodi idan ba layinta ba ne, suna da ikon da ya isa su keɓe wa mashaya kusurwa guda nesa da mai da kuma wurin zaman mata da yara, su ajiye bokitin yashi, su rubuta sanarwa da Hausa da Turanci da Birom, su kuma gargaɗi masu tebur game da sayar wa yara. Kai kuma mai karatu, idan mashayi ne kai, tashi ka nisanta kafin ka kunna, ka kuma tabbata ka kashe guntun kafin ka yar. Idan ba ka sha, to ka sani doka da shari'a duka sun ba ka haƙƙin ka yi magana, sai ka yi ta da ladabi.