Karatun daren jarabawa da manhajar katuna: me ke faruwa a cikinta?

Ƴan uwa ɗalibai, da yawanku yanzu kuna haddace kalmomin Larabci da ƙa'idojin nahawu da manhajar Anki a waya. Damien Elmes ne ya fitar da ita a 2006, kuma sunan kalmar Japananci ce mai nufin hadda. Ta Android, wato AnkiDroid, kyauta ce, tana aiki ko babu intanet. To amma in jarabawa ta matso, sai ka ga ɗalibi yana son bin katuna 300 a dare ɗaya, alhali ba don irin wannan aka gina manhajar ba.

A ranakun da aka saba, kowane kati yana da ranar dawowarsa. Lissafin ya samo asali daga tsarin SM-2 da Piotr Wozniak ya ƙirƙiro a Poland a 1987. In ka juya kati ka ga amsa, maɓallai huɗu ke fitowa: maimaita, da wuya, daidai, da sauƙi. Sabon kati yana dawowa bayan minti 1, sai minti 10, sai gobe. Daga nan, duk sanda ka ce daidai, ana ninka tazarar kamar sau biyu da rabi. Katin kwana 10 ya koma kwana 25 ke nan. Manufar ita ce a tambaye ka dab da lokacin da za ka manta, don a nan tunawa ta fi kama zuciya.

Mai jarabawa gobe ba zai jira kwana 25 ba. Shi ya sa aka yi abin da za mu kira tarin wucin gadi: ka ce wa manhaja ta kwaso maka katunan babi kaza, ko waɗanda ka fi faɗuwa a kansu, ko ranarsu ba ta yi ba. Aron su ake yi daga tarinsu na asali, in an gama su koma gida. Wajen haɗa tarin nan akwai wani ɗan akwati da ake sa wa alama, mai cewa a sake tsara katuna bisa amsoshin da ka bayar. Mutane da dama ba sa ko kallon sa, kuma shi ne maganar gaba ɗaya.

In alamar tana kunne, duk amsar daren tana shiga lissafi. Ɗauki katin kwana 10 ɗin nan, ka ce shekaranjiya ka gan shi. Ka amsa daidai yau, amma manhaja ta san kwana 2 kacal suka wuce, don haka ba za ta ba shi 25 ba. Kwana 10 ɗinsa za ta sake ƙirgawa daga yau. Ribar kaɗan ce. Hasarar kuwa cikakkiya ce: in barci ya kama ka ƙarfe ɗaya na dare ka kasa tunawa ka danna maimaita, katin ya faɗi ke nan. Tazararsa ta dawo kwana 1, ninkinsa ya sauka daga kashi 250 zuwa 230 cikin ɗari, zai riƙa zuwa maka akai-akai har tsawon watanni. Katin da ya faɗi sau 8 ana yi masa tambarin mai taurin kai, a wasu saitunan ma a dakatar da shi.

Ga kuma sababbin katuna. Manhaja 20 take bayarwa a rana, amma tarin wucin gadi ba ruwansa da wannan iyaka. Ka buɗe 200 yau da alama a kunne, gobe da jibi duk za su taru su jira ka. Nan ne da yawa ke jefar da manhajar bayan jarabawa, suna cewa ta yi musu nauyi.

In ka cire alamar, kallo kawai kake yi. Wanda ka kasa zai sake zagayowa bayan ɗan lokaci a zaman nan, wanda ka iya ya koma gida da ranarsa ta da, ba abin da ya taɓu. A ganina wannan ya fi dacewa da daren jarabawa. A bar alamar a kunne sai in katunan da ranarsu ta riga ta wuce kake son biya, kamar wanda ya yi tafiya ko jinya suka taru masa.

Tun 2023 an ƙara sabon lissafi mai suna FSRS da mutum zai iya kunnawa. Alƙalumansa sun bambanta da na sama, amma shi ma yana duba kwana nawa suka wuce tun ganinka na ƙarshe, bitar da aka yi da wuri ba ta ƙara tazara sosai. In an fito daga jarabawa, a zazzage tarin wucin gadin ko a goge shi. Katunan ba sa ɓata, gida suke komawa.